Arzika Mai Ƙera Jirage da Mutanen Rumfarsa

Duk wanda ya sauka kasuwar Wara ya gangara bakin ruwa, kafin ya ga rumfar Malam Arzika zai ji ta. Guduma na amsa wa guduma, zarto na kuka cikin katakon maɗaci, ga ƙaurin kwalta da ake narkarwa a rabin duro. A nan ake ƙera jiragen katako, manya masu ɗaukar fasinja da buhunan albasa, da ƙanana na masunta. A yau kafintoci daga nesa suke zuwa neman a ɗauke su aiki a wurin. A da kuwa gudunsa ake yi, kuma tsofaffin bakin ruwa har yanzu suna jinjina yadda abin ya juya.

An haifi Arzika a wani ƙauye da yanzu yake ƙarƙashin tafki. Yana ƙarami aka datse kogi a Kainji, ruwa ya taso ya shanye gonaki da kusheyi da kukar da ake hira a gindinta, aka kwashe mutane aka kai su tudu. Mahaifinsa masassaƙi ne, mai fafe gungume ya mayar da shi kwalekwale, kuma ba a taɓa jin kalmar "madalla" ta fito daga bakinsa ba. In Arzika ya yi aiki mai kyau, tsohon ya yi shiru. In ya kuskure, ƙotar gizago ta sauka a gadon bayansa. Da haka ya koya, ya kuma ƙware. Da manyan itatuwa suka yi ƙaranci aka koma haɗa jirgi da katako da ƙusa, sai ya zama babu kamarsa tun daga Wara har Yauri. Jirgin da ya fito daga hannunsa ba ya yoyo, ba ya karkata, yakan tsufa tare da mai shi.

Sai dai ya gaji bakin mahaifinsa tare da gizagonsa. Idan ma'aikaci ya kira shi ya ga aiki, zai zo ya shafa, ya leƙa, ya ƙwanƙwasa, sannan ya ce, "Da saura." Ko babu sauran sai ya nemo. Har mutanen rumfar suka laƙaba masa Malam Da-Saura, amma a bayan idonsa. Shi a ganinsa ba mugunta ba ce. Rayukan mutane ake zubawa cikin abin nan, kuma ruwa ba ya karɓar haƙuri.

Uku ne ginshiƙan rumfar. Akwai Ɗanbaba, sa'ansa a shekaru, mai toshe gaɓoɓin katako da tsumma da kwalta, wanda yakan yini bai ce uffan ba. Akwai Benjamin, Bakambare daga wajen Ngaski, wanda aka bar wa zarto tun ranar da ya zo. Sai Zaidu, magidanci mai 'ya'ya biyu, wanda Allah ya ba hannun tanƙwara katako ya fitar da goshin jirgi kamar ƙirjin agwagwa.

Wata rana wani mai jigila ya zo ɗaukar sabon jirginsa. Ya zagaya, ya tsaya gaban goshin, ya riƙe baki.

"Malam Arzika, wane ne ya yi wannan? Ai yabon gwani ya zama dole."

Zaidu na tsaye a gefe, guduma a hannu. Arzika bai ko dube shi ba. Ya miƙa yatsa ya taɓa kan wata ƙusa da ta ɗan ɗago.

"Wani raggo ne da bai iya binne ƙusa ba," in ji shi.

Zaidu ya matso. Ya buga ƙusar ta shige, ya ajiye gudumar a kan benci, ya wanke hannu a bakin ruwa, ya tafi. Kafin mako ya zagayo aka ji yana ramukan haƙar zinariya ta wajen Shanga. Wasu biyu suka bi shi. Waɗanda suka rage suka koma aiki kamar masu zaman makoki, aikin ma ya riƙa lalacewa, Arzika ya ƙara faɗa, faɗan ya ƙara lalata aikin. Ana haka jiri ya kwashe shi a tsakiyar rumfa. Likita ya ce hawan jini ne, ya zauna gida ya huta.

A lokacin autarsa Nusaiba ta zo hutu daga jami'a, inda take karatun ilimin halayyar ɗan Adam. Ita ke kai masa kunu a zaure, kuma ita kaɗai ce a gidan ba ta tsoron fuskarsa. Kullum ƙorafinsa ɗaya ne: mutanen yanzu ba su son aiki.

"Baba," ta ce masa wata safiya, "in tambaye ka, ba za ka yi fushi ba?"

"Mi za ki tambaya?"

"Yaushe rabonka da ka ce wa ɗayansu aikinsa ya yi kyau?"

Ya ajiye ludayi. "Ɗiyata, yabo shi ke ɓata ma'aikaci. Ni wa ya yabe ni?"

"Ba kowa," ta ce. "Kuma ka ji daɗin hakan?"

Sai ta gyara zama ta yi masa bayani a hankali. Ta ce masana halayyar mutum sun daɗe suna binciken cutar zuciya kaɗai, baƙin ciki da tsoro da ruɗewa. Daga baya wasu suka ce, to, me zai hana a binciki lafiyar ita ma? Me ke sa mutum ya tashi da safe yana marmarin zuwa wurin aikinsa? Suka ga cewa mutum yana buƙatar a lura da abin kirkin da ya yi, a kuma faɗa masa da gaskiya. Yana buƙatar a ba shi aikin da ransa ke so kuma hannunsa ya iya. Yana kuma buƙatar ya ga inda wahalarsa take amfani.

"Ba cewa na yi ka daina gyara ba, Baba. Jirgi ne, dole a gyara. Amma idonka ya saba da neman ɓaraka har ba ya ganin komai sai ita. Ranar da ka koma, ka riƙe bakinka har a kira azahar. Ka nemo abu guda da aka yi da kyau, ka faɗi sunan abin. Kada ka yi daɗin baki, za su gane."

Ya ce maganar 'yan boko ce. Amma da ya ji sauƙi ya koma rumfa, sai ya tarar maganar ta riga shi zuwa.

Safiyar nan ta yi masa tsawo. Ya ga katakon da aka yanka a karkace, ya haɗiye. Ya ga kwalta ta ɗiga inda bai kamata ba, ya ciji leɓe. Ma'aikata suka riƙa satar kallonsa, suna cewa a ransu ciwon ya taɓa shi. Da ya rasa inda zai sa kansa, sai ya je ya zauna kan wani gungume kusa da Ɗanbaba, yana kallonsa kawai.

Ɗanbaba ya gama toshe gaɓa ta ƙarshe. Aikinsa ya ƙare ke nan, amma bai tashi ba. Ya zaro wani guntun ƙarfe mai kaifi daga aljihu, ya shiga kankare bakin jirgin ta ciki, inda mutum ke dafawa. Ya kankare, ya shafa da tafin hannu, ya sake kankarewa, sannan ya goga bayan hannunsa inda fata ta fi laushi. Haka ya bi gefen jirgin kaf. Arzika bai taɓa sa shi wannan ba. Ya tashi ya je wurin wani tsohon jirgi da aka kawo gyara, wanda suka ƙera tun Nusaiba na goye, ya shafa bakinsa. Sumul yake kamar bayan ƙwarya.

Ya dawo ya ce, "Ɗanbaba, wannan fa?"

Ɗanbaba ya razana, ya ɓoye ƙarfen. "Ba ya cin lokaci, Malam."

"Ba faɗa nike ba. Don mi kake yi?"

"Mata ne," in ji Ɗanbaba, kansa a ƙasa. "In igiyar ruwa ta taso nan suke kamawa. Ga yara, su har baki suke sawa. In da sartse sai ya shige su."

Arzika ya tsaya kamar an dasa shi. Mutumin nan ya tsufa a gefensa, kullum yana wannan aiki saboda hannun matan da bai sani ba, shi kuwa da ake cewa babu abin da ke wuce idonsa bai taɓa gani ba.  Da ƙyar ya fito da maganar, muryarsa kamar ba tasa ba.

"Wannan aiki naka ya yi kyau, Ɗanbaba. Ni ban taɓa tunaninsa ba. Allah shi saka maka da alheri."

Gudumomi suka tsaya. Ɗanbaba ya ɗago ya dube shi. Sai ya miƙe ya gangara bakin ruwa, ya tsuguna yana wanke fuska, ya daɗe yana wankewa.

Tun daga ranar Arzika ya zama kamar wanda aka buɗe wa sabon ɗaki a cikin gidan da ya tsufa a ciki. Kullum sai ya ga wani abin da ya ba shi mamaki. Wannan yana jera kayan aiki yadda na bayansa ba zai yi lalube ba. Wancan yana gane katako mai ɓoyayyen tsagu da jin ƙararsa kawai. Bai bar gyara ba, amma yanzu yakan ja mutum gefe, su biyu, ya nuna masa. Ba kullum yake iyawa ba. Akwai ranar da tsohon halin ya motsa ya daka wa wani tsawa har masu wanki a bakin ruwa suka waiwayo. Da la'asar aka gan shi ya saya wa mutumin gasasshen kifi, suna ci tare.

Sai ya shiga tambayarsu ɗaya bayan ɗaya wane aiki ransu ya fi so. Da ya zo kan Benjamin, sai Benjamin ya yi 'yar dariyar kunya.

"Maigida, kada ka yi mini dariya. Fenti nike so. Can garinmu ni na yi zanen bangon cocinmu."

"Duk shekarun nan kana jan zarto, ba ka faɗa ba?"

"Ba a tambaye ni ba, Maigida."

Arzika ya ba shi jirgi guda da gwangwanayen fenti, ya ce ya yi yadda ya ga dama. Da Benjamin ya gama, mutanen kasuwa suka riƙa gangarowa kallo. Ya shafa shuɗi mai duhu a jiki, ya ja jan layi da fari tun daga goshi har baya, ya zana giwar ruwa tana iyo a kowane gefe, sai ka rantse in aka tura jirgin za ta motsa. Arzika ya zagaya jirgin sau da yawa hannunsa a baya, yana faɗin, "Ikon Allah! Wannan hannu munka bari yana yankan katako?" Daga nan jiragen rumfar suka zama tun daga nesa ake gane su a kan tafki.

Abu na uku da Nusaiba ta faɗa shi ya fi tsaya masa a rai. Mutanensa suna ƙera jirgi, a tura shi ruwa, shi ke nan, ba su sake sanin labarinsa. Don haka bayan damina ya ce wata rana a rufe rumfa, kowa ya sa rigarsa ta kirki. Ya ɗauke su a jirgi suka ratsa tafki zuwa wani tsibiri na Gungawa inda ɗaya daga jiragensu yake jigila.

Da mutanen tsibirin suka ji su wane ne baƙin, gari ya fito. Aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin mangwaro, aka kawo fura da soyayyen kifi. Ana cikin gaisawa sai wata mata mai suna Zulai'atu ta matso da jariri a kafaɗa, ta durƙusa.

"Ku ne kunka yi jirgin nan mai jan layi?"

Aka ce su ne.

Ta ba su labari. A tsakiyar damina naƙuda ta zo mata da gardama, ungozoma ta ce sai asibiti. Hadari ya haɗu, iska na kaɗa tafki, duk masu jirage suka ce ba za su shiga ba, sai mai wannan jirgin. Ta ce ba ta san yadda aka yi tafiyar ba, ta dai san ta kama bakin jirgin da hannu biyu, ta ƙanƙame har yatsunta suka mutu, ruwa na dukan katako kamar ana jifa da duwatsu. Suna isa aka karɓi haihuwar. Ta sauke yaron ta miƙa wa na kusa da ita, aka riƙa miƙa shi daga hannu zuwa hannu, hannaye masu kanta da tabon kwalta. Benjamin ya karɓe shi kamar ƙwai. Da aka zo kan Ɗanbaba, yaron ya damƙe masa yatsa ya ƙi saki.

Mai jirgin, wani dattijo, ya ce wa Arzika, "Malam, ni na san abin da na taka. Goshin jirgin ga shi ya fisshe mu. Igiyar ruwa ta zo kamar bango, shi ko ya tsaga ta ya hau. Wanda ya yi shi, a gaishe shi."

Arzika ya je ya dafa goshin. Ya gane hannun. Aikin Zaidu ne tun kafin ya tafi, fentin ne kawai aka yi daga baya da aka kawo jirgin gyara.

A hanyar komawa zaman kowa ya sake. Arzika na kallonsu yana jin wani irin kwarjini, kamar ya ɗauko manyan mutane bai sani ba.

Bai yi shawara da kowa ba ya hau mota zuwa wajen Shanga. Ya tarar da fili duk ramuka, ƙasa ja, mutane na shiga suna fita kamar gara. Aka kira masa Zaidu, ya fito daga rami jikinsa duk jar ƙasa, ya rame. Ya gaida Arzika da ladabi, amma fuskarsa a ɗaure.

"Ban zo in ce ka komo ba," in ji Arzika. "Saƙo anka ba ni." Ya kwashe labarin Zulai'atu da na mai jirgin ya faɗa masa. Sannan ya ce, "Ban da saƙon, ga tawa. Ban taɓa ganin mai fitar da goshin jirgi kamarka ba. Ni kaina ban kai ka ba."

Zaidu ya ce, "Malam, da ka faɗi rabin wannan a wancan lokaci, da ko da sanda ba a kore ni ba."

"Na sani."

"Yanzu zuciyata ba ta iya komawa rumfar nan."

"Hannunka dai kada ka binne shi a rami," in ji Arzika. Ya yi masa sallama ya tafi.

Zaidu bai koma ba. Amma da shekara ta juyo, sai ga shi a Wara da tsarabar goro, ya ce ya kafa 'yar rumfarsa a bakin ruwan Yauri, ya zo neman albarka. Arzika ya sa masa albarka, ya ba shi gizagon mahaifinsa, ya kuma tura Benjamin ya yi wa jirginsa na farko fenti. Da aka tambaye shi ko ba ya tsoron ya yi wa kansa kishiyar sana'a, sai ya ce tafkin ya ishe su.

Yanzu Arzika ya manyanta, gemu ya yi fari fat. Idon Ɗanbaba ya raunana, amma ba a sallame shi ba. Shi ke koya wa sababbin ma'aikata toshe gaɓa, yana kama hannunsu yana bi da shi kan katako. Nusaiba ta gama karatu tana aiki a Birnin Kebbi, kuma in ta zo gida takan zauna a rumfa tana saurare, ta ce abin da ta karanta a takarda ba ta san yana da ƙamshin kwalta ba. Masu wasu rumfuna kan zo su tambayi Arzika asirin da ya sa mutanensa ba su barinsa. Yakan ce shi ma bai gama ganewa ba, ɗiyarsa ce ta ce ya buɗe ido, da ya buɗe kuwa ya ga abin da ya fi ƙarfinsa.

A bara suka gama jirgi mafi girma da rumfar ta taɓa yi. Ranar tura shi ruwa matan masunta suka kawo tukwanen miyar kifi, aka jera gumagumai a ƙasa, maza suka sa kafaɗa. An ce wa Arzika ya zauna saboda jikinsa, ya ƙi. Ya naɗe wando ya shiga tsakanin Benjamin da wani sabon ma'aikaci, ana "Ya Allah!" ana turawa. Jirgin ya yi nishi, ya motsa, sannan ya sulale gaba ɗaya fiye da yadda aka zata. Arzika ya bi shi da kafaɗa, ƙafarsa ta zame a laka, sai ji aka yi tsundum, Malam ya faɗa ruwa har hula.

Wuri ya yi tsit. Ya taso ruwa na zuba daga gemunsa, ya dubi jirgin yana lilo a kan tafki, tsaf, bai karkata ko kaɗan ba. Sai ya fashe da dariya, har yana dukan ruwa da tafin hannu. Nan fa kowa ya saki tasa. Benjamin ya shiga ruwa ya kamo shi, wani ya bi hular da gora kafin ta yi nisa, aka fito da shi aka zaunar a inuwa. Da rigarsa jiƙe sharkaf ya ci tuwon ranar, a akushi ɗaya da mutanensa, yana ta tambayar kowa ko ya ga yadda jirgin ya zauna a ruwa.